Nazarin Lamari: Malamar Lissafin Sakandare da Digiri na Biyu ta Intanet

Asalin lamarin

Malamar da wannan nazari ya bi sawunta ta shafe shekara tara tana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare da babba kafin ta yanke shawarar komawa karatu. Digirinta na farko a fannin ilimi ne, lissafi kuma shi ne darasin da ta ƙware a kai, saboda haka ta yi kalkulas da aljabara da ƙididdiga a jami'a. Sai dai galibin abin da aka nema daga gare ta a wancan lokaci shi ne ta warware tambaya ta fitar da amsa, ba a cika sa ta kafa hujjar dalilin da ya sa hanyar take aiki ba. A wurin aiki ba a kuka da ita: tana gama manhajar karatu a kan lokaci, ɗalibanta kuma suna cin jarrabawa daidai gwargwado.

Damuwar daga cikin aji ta taso. Wata rana tana koyar da ninka lambobin da ke ƙasa da sifili, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, na gane idan bashin biyu ya hau kan mutum sau uku ya zama bashin shida, amma ta yaya ɗebe biyu sau ɗebe uku zai koma shida ba tare da alamar ɗebewa ba?" Ta ba shi amsar da aka ba ta tana ƙarama, cewa doka ce, alamar ɗebewa biyu idan suka haɗu tarawa suke haifarwa. Yaron ya rubuta ya zauna, amma fuskarsa ta nuna bai gamsu ba, ita ma ta san abin da ta faɗa maimaita dokar ne kawai. Daga nan ta fara rubuta irin waɗannan tambayoyi a bayan littafin shirin darasinta: me ya sa ake juya lambar kaso a ninka idan ana rabawa da ita, me ya sa ba a raba lamba da sifili, me ya sa kowace lamba da ba sifili ba idan aka ɗaga ta zuwa ƙarfin sifili take ba da ɗaya, kuma shin 0.999 da taran da ba su ƙarewa ɗaya ne cif ko kusa da ɗaya ne kawai. Kafin shekarar ta ƙare shafin ya cika, kuma a cikin tambayoyin babu wadda ba ta iya lissafa amsarta, babu kuma wadda take iya bayyana dalilinta yadda zai shiga kan yaro.

Zaɓen shiri da tsarinsa

Ba ta da halin ajiye aiki, don haka karatu ta intanet ne kaɗai ƙofar da ke buɗe gare ta. Da ta duba sai ta tarar shirye-shiryen iri biyu ne. Akwai digiri na biyu a fannin ilimi, wanda yawancin kwasa-kwasansa kan dabarun koyarwa da tsara manhaja da auna ɗalibai suke, akwai kuma digiri na biyu a lissafi da aka tsara musamman domin malamai, inda lissafin kansa ya fi rinjaye. Ta zaɓi na biyun, bayan ta tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i ta amince da shi.

Shirin kwas goma ne: shida na lissafi, wato analisis (nazarin hujjojin da kalkulas ya ginu a kansu), aljabara mai zurfi, jometiri, ilimin lambobi, ƙididdiga da tarihin lissafi, uku na koyarwa, sai kundin kammalawa. An tsara shi a kan shekara biyu, kwas biyu a kowane zango na mako 15 da kwas ɗaya a dogon hutu. Laccoci na bidiyo ne da aka riga aka ɗauka, ana kallonsu lokacin da aka samu sarari. Kowane mako akwai jinga da ake turawa ta shafin kwas, akwai awa ɗaya da malami yake zama kai tsaye domin amsa tambayoyi, halartarta ba dole ba ce, jarrabawa kuma a gaban kyamarar kwamfuta ake yin ta. Sharaɗin ci gaba shi ne matsakaicin maki kada ya gaza B. Ƙa'idar da jami'o'i da yawa suke bi ita ce kowace awa ɗaya ta lacca tana buƙatar kimanin awa biyu na karatu a keɓe, wanda ke nufin kwas biyu masu lacca awa uku-uku za su ci wajen awa 18 a mako. Da ta lissafa abin da ya rage mata bayan koyarwa da duba ayyukan ɗalibai da hidimar gida, awa 12 ta samu, ta kuma yi rajistar kwas biyun duk da haka.

Shekara ta farko, zango na farko

Ta fara da analisis da aljabara mai zurfi. Tsarinta shi ne kallon lacca da dare bayan ta gama duba littattafan ɗalibai, sannan ta yi jinga a ƙarshen mako. Kallon laccar bai yi mata wuya ba. Malamin yana rubuta hujja layi bayan layi, tana bin kowane layi tana ganin ya dace da wanda ya gabace shi, sai ta rufe kwamfuta da tabbacin ta fahimta. Ranar jinga kuwa takan zauna da farar takarda ta kasa rubuta layin farko, domin a bidiyon an nuna mata hujjar da aka gama tacewa, ba a nuna mata yadda mai hujjar ya gano inda zai fara ba.

A analisis abin ya fi tsanani. Kwas ɗin ya dogara ne a kan ma'anar iyaka, wato lambar da ake ta kusanta, ta efsilon da delta (haruffan Girka biyu da ke wakiltar ƙananan tazara), salon da ya kafu a ƙarni na 19 ta hannun Cauchy da Weierstrass, wanda ke buƙatar mutum ya riƙe tsarin jimla irin "ga kowane efsilon akwai delta" ba tare da ya musanya gaba da baya ba. Ita kuwa sau da yawa takan zaɓi delta tun kafin a ba ta efsilon, kuskuren da yake rushe hujjar gaba ɗaya ko da kowane lissafi a cikinta daidai ne. Gyaran jinga yana dawowa bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, da gajeriyar magana a gefe, kuma kafin ya iso ta riga ta maimaita kuskuren a jinga ta gaba. Ga kuma rubutun: an so a riƙa tura aiki da LaTeX, tsarin buga lissafi da Leslie Lamport ya gina a kan TeX na Donald Knuth, kuma tun da ba ta taɓa amfani da shi ba, kaso mai yawa na awoyinta 12 ya tafi wajen neman inda baka ɗaya ta ɓace. Awar tambayoyi ta malami ba ta halarta ba, saboda a ganinta sai mutum ya san abin da bai gane ba kafin ya yi tambaya.

Makinta a jarrabawar tsakiyar zango ta analisis bai kai rabi ba, sai ta janye daga kwas ɗin kafin wa'adin janyewa ya cika. Aljabara ta gama shi da C. Akwai wani abu daga wannan kwas da ya kamata a ajiye a rai: a makonnin farko an ba su jinga su tabbatar cewa a tsarin lambobin da ake kira ring, (−a) sau (−b) daidai yake da a sau b. Ta bi misalin littafi ta rubuta hujjar, ta samu cikakken maki, ba ta kuma lura cewa tambayar ɗalibinta ce ta amsa ba.

Shekara ta farko, zango na biyu

Ta ɗauka ƙarancin lokaci ne matsalar, don haka ta ƙara awoyi. Ta rage barci, ta koma tashi da asuba tana karatu, ta sake ɗaukar kwas biyu, ilimin lambobi da jometiri. Ta kuma fara neman warwararrun amsoshi a shafukan intanet, ba don ta kwafa ba, sai don ta karanta hujjoji da yawa da fatan salon zai zauna mata. Makin jinga ya ɗan ɗaga, amma na jarrabawa bai motsa ba, domin a gaban kyamara babu hujjar da za a karanta, sai wadda za a ƙirƙira. Koyarwarta ma ta fara shan wahala: duba littattafan ɗalibai ya riƙa yin jinkiri, shirin darasi ya koma maimaita na bara.

Zangon ya ƙare da B a ilimin lambobi da C a jometiri. Matsakaicin makinta ya faɗi ƙasa da sharaɗi, jami'a ta aiko mata da takardar gargaɗi tare da umarnin ta gana da mashawarcin karatu. A ganawar ta bidiyo ta gaya masa tana tunanin ajiye karatun. Ya nemi ta ba shi dogon hutu ɗaya kafin ta yanke hukunci, ta ɗauki kwas ɗaya tak daga cikin na koyarwa, sannan idan za ta ci gaba kada ta sake haɗa kwas biyu alhali makaranta tana buɗe, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Dogon hutu na farko

Kwas ɗin da ta ɗauka a kan ilimin da malamin lissafi yake buƙata ne. A nan ta karanta aikin Lee Shulman na 1986, wanda ya nuna cewa tsakanin sanin darasi da sanin dabarun koyarwa akwai wani ilimi na uku, wato sanin yadda ake gabatar da wani batu takamaimai, da inda ɗalibai suke tuntuɓe a cikinsa, da misalin da yake buɗe shi. Ta karanta yadda Deborah Ball da abokan aikinta na Jami'ar Michigan suka faɗaɗa wannan a 2008, inda suka ware wani sanin lissafi da malami yake buƙata amma injiniya ko akanta ba ya buƙatarsa, kamar gane ko baƙuwar hanyar da ɗalibi ya ƙirƙiro za ta yi aiki a kowace tambaya ko sa'a ce ta wannan karon.

Abin da ya fi taɓa ta shi ne bayanin Felix Klein, masanin lissafi na Jamus, wanda tun 1908 ya yi magana a kan yankewa biyu da malamin lissafi yake fuskanta. Ɗalibi yana shiga jami'a ya tarar da lissafin da ba shi da alaƙa a fili da na sakandare, sai ya manta na sakandaren. Idan ya dawo aji a matsayin malami ya tarar na jami'ar ma ba ya haɗuwa da abin da zai koyar, sai ya koma koyarwa yadda aka koyar da shi. Jingar makon ta nemi kowa ya ɗauko tambaya ɗaya daga ajinsa ya nemo tushenta a lissafin jami'a. Ta buɗe bayan littafin shirin darasinta, ta buɗe jingar aljabara ta zangon farko, ta ga abu ɗaya ne.

Ga yadda ta mayar da hujjar zuwa harshen aji. Ɗaya da ɗebe ɗaya idan aka tara su sifili ne, kuma duk abin da aka ninka da sifili sifili ne, saboda haka (−1) sau (1 + (−1)) sifili ne. Idan aka buɗe baka ta hanyar da ɗalibai suka saba, za a samu (−1) sau 1, wato −1, a tara da (−1) sau (−1), jimlar kuma dole ta kasance sifili. Lambar da ake tarawa da −1 a samu sifili ita ce 1. Ashe dokar ba wani ne ya ɗora ta da ƙarfi ba: duk wanda yake son dokar buɗe baka ta ci gaba da aiki bayan an shigo da lambobin ƙasa da sifili, ba shi da wani zaɓi. Ta gama kwas ɗin da A, ta kuma sanar da mashawarcin za ta ci gaba.

Shekara ta biyu

Ta sake ɗaukar analisis, shi kaɗai, ta kuma canja yadda take karatu. Ta raba kowane shafi na littafinta gida biyu, a dama ta rubuta ma'ana ko ƙa'idar da aka koyar, a hagu ta rubuta wurin da abin yake ɓoye a manhajar sakandare, kuma ba ta ɗauki batu a matsayin wanda ta gama ba sai gefen hagu ya samu rubutu. Ta daina kallon bidiyo a jere: idan malami ya faɗi abin da zai tabbatar, takan tsayar da bidiyon ta gwada da kanta na minti 15 kafin ta ga tasa hanyar. Ta samu izinin tura jinga da rubutun hannu da aka ɗauki hotonsa, ta bar LaTeX sai ga manyan ayyuka.

Canjin da ya fi girma shi ne zama da mutane. A kwas ɗin hutu ta haɗu da wasu malamai biyu da su ma analisis ya kayar, suka tsayar da awa ɗaya da rabi a kowane mako ta bidiyo. Dokar zaman ita ce kowa ya juya kyamara ta kalli takardarsa, ya rubuta hujja yana faɗar abin da yake tunani da baki, sauran biyun kuma suna da damar tsayar da shi a kowane layi su ce, "Daga ina wannan ya fito?" A zama na biyu ɗaya daga cikinsu ya tsayar da ita a daidai wurin da ta zaɓi delta kafin efsilon, kuskuren da gyaran rubutu na zango guda bai raba ta da shi ba ya fita cikin mintoci, domin an kama shi yana faruwa. Daga nan ta fara halartar awar malami da aikin da ba ta gama ba, ta nuna inda ta tsaya.

Tambayar 0.999 ta warware a wannan zango. Jerin 0.9, 0.99, 0.999 yana barin tazara tsakaninsa da ɗaya: 0.1, sai 0.01, sai 0.001. Duk ƙanƙantar lambar da mutum ya ambata, muddin ta fi sifili, akwai matakin da tazarar za ta gaza ta, kuma rubutun 0.999 mai tara marasa ƙarewa suna ne na iyakar jerin, ba na wani mataki a cikinsa ba. Ta kuma ga dalilin da ya sa aka yi wahalar gina lambobi na haƙiƙa a kan tushe, kamar yadda Richard Dedekind ya yi a 1872, domin ba tare da shi ba babu tabbacin cewa lamba irin tushen biyu, wato wadda idan aka ninka ta da kanta take ba da biyu, tana da mazauni a kan layin lambobi.

A nan ta yi wani gwaji da bai yi nasara ba. Cikin murnar fahimta, ta kai ma'anar iyaka da alamominta na efsilon da delta ajin ƙarshe na babbar sakandare, ta ba ta darasi uku. Ɗaliban suka kwafi alamomin ba tare da sun gane ba, wasu da suke iya lissafin iyaka a da suka rikice, ita kuma ta koma baya a manhaja da mako guda. Da ta kai labarin zaman mako, abokan suka ba ta shawarar ta riƙe tunanin ta ajiye alamomin. Sai ta mayar da shi gasa: ɗalibi ya ambaci ƙaramar lamba, ajin ya nemo tara nawa ake buƙata kafin tazarar ta gaza ta. Wannan ya ɗauki minti 20, ɗaliban da kansu suka kai ga cewa babu lambar da za ta tsira.

Ta gama analisis da B, ƙididdiga a zango na biyu da A, wanda ya mayar da matsakaicin makinta kan sharaɗi aka janye gargaɗin. A dogon hutu, da makaranta take rufe, ta ɗauki kwas biyu ba tare da matsala ba.

Shekara ta uku da sakamako

Bayan kwas ɗin dabarun bincike, ta yi kundinta a kan rabawa da lambar kaso, a azuzuwa biyu na ƙaramar sakandare na tsawon mako shida. Ajin farko ya fara da dokar juyawa da ninkawa kamar yadda aka saba. Aji na biyu ya fara da tambayar rabi nawa ne a cikin ɗaya da kwata uku, ɗalibai suka zana suka ƙirga suka samu uku da rabi, sannan aka fito da dokar daga abin da suka gani. A gwajin ƙarshe bambancin maki a tambayoyin lissafi zalla ƙanƙane ne. Inda aka ga bambanci shi ne tambayar da ta nemi ɗalibi ya ƙirƙiro labarin da ya dace da rabawar: da yawa daga ajin farko sun rubuta labarin raba abu gida biyu, wato sun rikita rabawa da rabi da rabawa da biyu, kuskuren da ya yi ƙaranci a aji na biyu. A cikin kundin ta rubuta a fili cewa azuzuwa biyu da malama ɗaya ba su isa a gina hukunci mai faɗi a kansu ba. Ta kammala digirin a shekara uku maimakon biyu. 

Hukunci

Karatu ta intanet ba shi ne ya kayar da ita a shekarar farko ba, domin ta intanet ɗin ta ci nasara a shekara ta biyu. Abin da ya ɓace shi ne idon da zai ga tunaninta yana tafiya. Kafa hujja sana'a ce da ake koyo ta hanyar gwadawa a gaban wanda zai tsayar da mai koyo nan take, kuma bidiyon da aka riga aka ɗauka, tare da gyaran da ke zuwa bayan kwana goma, ba sa yin wannan aiki. A harabar jami'a ɗalibai suna samun hakan ba tare da an tsara ba, a intanet kuwa sai an gina shi da gangan. Ƙarin awoyi da karanta amsoshin wasu sun gaza ne saboda sun ƙara mata abin da take da shi, wato bin hujja, ba su taɓa abin da ta rasa ba.

Dalili na biyu shi ne yankewar da Klein ya bayyana, kuma bincike yana goyon bayan muhimmancinta. Dan Goldhaber da Dominic Brewer, a nazarinsu na ƙarshen shekarun 1990 a Amurka, sun gano cewa digiri na biyu shi kaɗai ba ya nuna tasiri a makin ɗalibai, amma idan a lissafin ne malamin lissafi ya yi shi ana ganin amfani. Binciken COACTIV na Jamus, wanda Jürgen Baumert da abokansa suka wallafa a 2010, ya nuna cewa sanin yadda ake koyar da batu ya fi sanin lissafi zalla hasashen ci gaban ɗalibai, amma kuma wannan sani ba ya samuwa ga malamin da lissafinsa ba shi da zurfi. Lamarin wannan malama ya yi daidai da haka ta fuska biyu: hujjar aljabara ba ta amfane ta ba sai da ta haɗa ta da tambayar ɗalibi, darasin efsilon kuma ya lalace da ta kai shi aji ba tare da ta sarrafa shi ba.

Wani kaso na nauyin yana wuyanta, tun da ta san awa 12 take da su ta ɗauki aikin awa 18. Amma kaso mafi girma yana kan tsarin shirin, wanda ya bar malamai masu cikakken aiki su fara da kwasa-kwasai biyu mafiya wuya, ya mayar da zaman kai tsaye na ganin dama, ya kuma ajiye kwas ɗin da ke haɗa lissafin jami'a da na aji sai dogon hutu. Da an sa wannan kwas a zangon farko, an kuma rarraba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya ta mutum uku tun makon farko, akwai kyakkyawan dalilin zaton cewa janyewa daga analisis da takardar gargaɗi da shekarar da ta ƙaru da duk ba su faru ba.